Kaset ɗin Paul McCartney da Kawu ya samo mana a Ƙofar Wambai

Duk ɗan Kanon da ya zo karatu Liverpool, tambayar farko da abokai ke yi masa ita ce ko ya shiga Anfield. Ni kuwa Allah ya haɗa ni da mai gidan hayar da ƙwallo ba ta gabansa ko kaɗan. Tsohon direban bas ne, ya haura saba'in, matarsa ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, sai ya ba ni ɗakin sama da rahusa. Baba nake kiransa, yana kuma amsawa da jin daɗi. Shi ma ya taɓa shiga Anfield, a 2008, amma ba ƙwallo ce ta kai shi ba. Paul McCartney ne ya yi wasa a filin.

Ga wanda bai san mutumin ba, ɗan garin ne, an haife shi a 1942, yana cikin samari huɗun nan na Beatles da suka rikita duniya da kiɗan rok har ƙungiyar ta watse a 1970. Bahago ne, da hagu yake kaɗa jita, kuma ya wuce tamanin amma bai sauka daga dandamali ba. A falon Baba ba ka ganin bango saboda faya-fayansa, tun daga ƙasa har rufi.

Duk ranar Alhamis da daddare ake majalisa a falon. Akwai wani tsohon malamin makaranta da na laƙaba wa Dogo, mai yawo da littafin da ya rubuta jerin waƙoƙin duk wasan da ya taɓa halarta, wacce aka fara da ita da wacce aka rufe da ita. Akwai wata tsohuwa da nake kira Gwaggo, wadda ta ce tun tana 'yar budurwa take sulalewa da rana ta je kallon Beatles a gidan rawa na Cavern da ke titin Mathew, kuma da wannan hujja take kashe bakin kowa. Na ukun wani kurma-kurma ne da ba ya jin musun amma ba a fin sa zafi a ciki. Idan ka taɓa zama teburin mai shayi ka ji dattawa na gardamar wace waƙar Shata ce ta fi, a ina ya yi ta, wa ya yi wa, to ka san majalisar nan, sai dai su shayinsu ruwa-ruwa ne, ba burodi ba ƙwai.

Musunsu ba ya ƙarewa. Dogo ya ce muryar mutumin ta tafi, ya kamata ya ajiye jita ya koma wasa da jikoki. Gwaggo ta taso masa: wane mai shekara 80 ne zai tsaya kusan awa uku a bikin waƙa na Glastonbury kamar yadda ya yi a 2022, har mawaƙan nan Bruce Springsteen da Dave Grohl su hau su same shi? Ta ce shi Dogo hawa benen Baba kawai yake yi sai ya huta a tsakiya. Daga nan a koma kan faifai. Dogo yana da kwafi huɗu na faifai ɗaya, waƙoƙi iri ɗaya, hoto iri ɗaya, ya ce wai bugun farko ya fi ɗumi a kunne. An sa mini duka huɗun na saurara. Bambancin da na ji kawai shi ne na farkon ya fi ƙarar ƙura.

Ni abin da ke saukar da ni biskit ne, sai kuma hita, don falon ya fi ɗakina ɗumi nesa ba kusa ba. Ina zama a gefe ina gyaɗa kai, ba wanda ya damu da ni. Har ranar da Gwaggo ta tambaye ni daga wace ƙasa nake, na ce Najeriya.

Falon ya yi tsit. Dogo ya cire tabarau. Kurman ya ce me aka ce, aka ɗaga murya aka faɗa masa, ya miƙe tsaye ya ba ni hannu.

Ashe a Legas McCartney ya ɗauki ɗaya daga cikin faya-fayansa mafi daraja, Band on the Run, a 1973, da ƙungiyarsa ta biyu mai suna Wings. Suka shiga ba ni labarin ƙasata suna katse juna. Wai ya duba jerin garuruwan da kamfanin faya-fayai na EMI ke da situdiyo, ya zaɓi Legas yana hasashen rana da bakin teku, ya sauka ya tarar da ƙarshen damina da situdiyon Apapa da kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba. Ana gab da tafiya mai ganga da mai jita ɗaya suka ce sun fasa, ya rage daga shi sai matarsa Linda sai mai jita Denny Laine, dole shi ya zauna ya kaɗa gangar da kansa. Fela Kuti ya fito fili ya zarge shi da zuwa satar kiɗan baƙar fata, sai da McCartney ya kira shi situdiyo ya kunna masa waƙoƙin ya ji babu nasa a ciki. Wata rana numfashin McCartney ya sarƙe ya faɗi, aka ɗauka zuciya ce. Babbar maganar kuma, wani dare suna tafiya a ƙasa shi da Linda 'yan fashi suka tare su da wuƙa, suka ƙwace jakar da ke ɗauke da kaset-kaset na gwajin waƙoƙin da rubutattun baitocinsa. Da ka ya sake tuno waƙoƙin.

Tun daga daren nan na tashi daga mai cin biskit na koma masani. Aka dawo da ni kujerar tsakiya. Dogo ya buɗe sabon shafi. Nawa ne nisan Ikeja zuwa Apapa? Wane titi nake ganin aka tare su? Mutanen unguwa suna tuna abin? Na yi bayani iya bayani cewa ni ɗan Kano ne, tsakaninmu da Legas tafiyar kusan kilomita dubu ce, kuma a 1973 mahaifina ma bai yi kaciya ba. Sanin da na yi wa Legas layin neman biza ne da cunkoson mota. Dogo ya rubuta “cunkoson mota” ya ja layi a ƙarƙashi.

Abin da ya ƙara hura wutar shi ne labarin da ya fito a Fabrairun 2024. Jita ƙirar kamfanin Höfner da McCartney ya saya a Hamburg a 1961, aka sace a cikin mota a Landan a 1972, magoya baya sun kafa neman ta har an gano ta a ɗakin shirgin wani gida a kudancin Ingila, an mayar masa bayan shekara hamsin da ɗoriya. Majalisa ta yi kamar ta tashi sama. Baba ya ce idan jita ta dawo, me zai hana kaset? Ni kuma, da bakina da bai iya zama shiru idan ya sha shayi ba, na ce cikin raha ai a Najeriya kaset ba ya ɓata, duk inda ya zaga ƙarshensa Kano, ina ma da kawu da ya shekara arba'in yana sayar da kaset a Ƙofar Wambai. Na yi dariya. Ni kaɗai na yi ta.

Ba su bar ni na kwanta ba sai da na kira shi ta bidiyo. Kawu yanzu tura waƙa a waya yake yi, tsofaffin kaset ɗin suna cikin buhuna a sito, ɓeraye na gadi.

“Kawu barka da dare, ya kasuwa?”

“Alhamdulillahi ɗan Ingila. Su wa nake gani a bayanka sun zuro kai haka?”

Na zayyana masa komai da Hausa, na ƙare da roƙo: “Kawu don girman Allah ka ce babu kawai, in samu in yi barci.”

“Wane ne mawaƙin?”

“Paul McCartney.”

“Ɗan Jos ne?”

“Bature ne, Kawu.”

Ya yi shiru yana shafa gemu. “Nawa suke magana?”

“Kawu ba ciniki ba ne.”

“Kai yaro, tun da kake ka taɓa jin ɗan kasuwa ya ce babu? Akwai.”

Na juyo zan fassara musu cewa Kawu ya ce a yi haƙuri, sai ya matso da fuskarsa ta cika wayar, ya washe baki, ya ɗaga babban yatsa. Wannan kuwa ba ya bukatar tafinta. Gwaggo ta dafe ƙirji. Kafin in ce uffan kowa ya ajiye fam 20 a kan tebur, har da kurman da bai san me ake saye ba.

Wani ɗalibi da ya dawo hutu ne ya taho da saƙon, cikin leda ɗaya da kuka da daddawar da Inna ta aiko mini. Kaset ne tsoho na gaske, ya sha ƙura, amma a jikinsa an rubuta “POL LEGAS 1973” da biro da ko bushewa bai gama yi ba. Dogo ya sa farar safar hannu ya karɓa. Ya kai hanci ya shinshina, ya lumshe ido, ya ce ƙamshin Afirka ta wancan zamani. Daddawa ce, amma na bar shi.

Baba ya sauko da tsohuwar rediyonsa mai kaset, ya goge ta da auduga. Aka rage fitila. Aka danna. Da farko shuuu, sai kukan zakara, sai gyaran murya, sai wata tsohuwa ta ce: “Salamu alaikum. Ni ce uwarka.”

Wasiƙar kaset ce, irin wadda mutanen zamanin da suke ɗauka su ba direba ya kai wa ɗansu da ke ci-rani. Ta yi gaisuwa ta kai minti biyar, ya Legas, ya ruwa, ya mutanen Agege. Duk sanda ta ambaci Legas sai Dogo ya buga cinya ya dubi sauran. Suka ce in fassara, kalma da kalma, kada in tsallake komai. Na fassara tsakani da Allah. Matarka ta sauka lafiya, an samu namiji. Suna ya wuce, ragon bashi muka ci, mai ragon kullum da sassafe yana ƙofar gida. Tun hawan Shagari ba mu ga sisinka ba, ga shi wanda ya dawo daga can ya ce ya gan ka da sabon agogo da rediyo a kafaɗa. Idan Legas ta aure ka ne ka faɗa mana mu sani.

Na ce to kun ji, magana ta ƙare. Shagari a 1979 ya hau mulki, shekara shida bayan fashin, wannan kuma tsohuwa ce ke bin ɗanta kuɗin rago.

Dogo ya miƙe yana zagaya falo, hannu a baya. Ya ce akasin haka, yanzu ma magana ta fara. Ga mutum a Legas, ba shi da kuɗin rago amma yana da rediyo mai kaset. Daga ina ya samu kaset? Ya saya a hannun ɓarayin, ya aika gida da saƙonsa, uwar ta ɗauki amsa a kai. Waƙoƙin suna nan a ƙarƙashin muryarta! Baba ya ce wallahi biri ya yi kama da mutum, ko dai abin da ya faɗa da Turanci ma'anarsa ke nan. Ana cikin haka tsohuwar ta yi sallama, aka ji ƙaras, sai ragowar abin da ke kan kaset ɗin tun asali ya fito na 'yan daƙiƙu: tsirkiya ɗaya tana tsalle, tin-tirin-tin. Dogo ya kusa faɗuwa. Ya rantse hannun McCartney ne, ya ce ko a mafarki ya san yadda bahagon nan ke jan tsirkiya.

Na ce kuntigi ne, na Ɗan Maraya Jos, duk Arewa ba wanda bai san shi ba, ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya. Dogo ya tambayi yadda ake rubuta sunan, ya rubuta, ya sa alamar tambaya, a gefe ya ƙara: “Sun haɗu?” Sai na tuna Kawu ma Jos ya fara ambata, na ja bakina na tsuke, don idan wannan ya shiga littafin ba mai fitar da shi.

Yanzu kaset ɗin yana cikin akwatin gilashi a kan kantar Baba, tsakanin faya-fayan Wings. Dogo na neman inda za a kankare muryar tsohuwar a ji abin da ke ƙasa, ko da yake duk wanda ya tambaya ya gaya masa abin da aka ɗauka a kai ya shafe na farko har abada, shi kuma ya ce haka aka ce game da jita. An ɗora wa majalisa sabon musu, ko kuntigi ya yi tasiri a faifan 1973, har na sauke musu waƙoƙin Ɗan Maraya a waya, kurman ya ce ya fi son su.

Gwaggo ce kaɗai ta bar zancen McCartney. Ita damuwarta rago. Duk Alhamis sai ta tare ni a bakin ƙofa: yaron nan ya aika kuɗin kuwa? Wane irin ɗa ne wannan? Ta matsa har na sake kiran Kawu a gabanta, na ce masa tsohuwa na son sanin ko ɗan ya biya, kuma don Allah wannan karon ya tausaya mini.

Kawu ya ce ai kaset ɗin amsar ɗan ma akwai, yana cikin buhu na biyu. Sai dai shi fam 50 ne, saboda ya fi wuyar samu.