Titin Djibo Bakary: an canza allo, saura labarin Sawaba

A watan Oktoba na 2024 gwamnatin mulkin soja ta Nijar ta cire sunan Charles de Gaulle, tsohon shugaban Faransa, daga wani babban titi a Yamai, ta sa na Djibo Bakary. A rana guda aka maye gurbin hoton Monteil, hafsan sojan Faransa, da na Thomas Sankara, tsohon shugaban Burkina Faso. Na yi murna, kuma har yanzu ina kan bakana: bai dace babban birnin ƙasa ya cika da sunayen waɗanda suka mallake ta ba.

Djibo ya cancanta. Shi ne magajin garin Yamai na farko. Shi ne kuma, a ƙuri'ar raba gardama ta 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa, ya ja jam'iyyarsa ta Sawaba ta ce wa de Gaulle a'a, ta nemi 'yanci nan take. Ya sha kaye, ya rasa mulkin gwamnatin Nijar da yake jagoranta a lokacin.

To amma daga nan ne labarin yake yin ɗaci, kuma nan ne ake son tsallakewa. Gwamnatin Diori Hamani ce ta haramta Sawaba a 1959, Djibo ya tafi gudun hijira. Bayan yunƙurin tawaye na 1964 aka harbe wasu 'yan jam'iyyar a bainar jama'a, aka cika gidajen yari da masu yawa, ciki har da talakawan da laifinsu kawai katin jam'iyya. Da Djibo ya dawo gida bayan juyin mulkin 1974, gwamnatin Seyni Kountché ma ta ɗaure shi shekaru. Da hannun Faransa a farkon lamarin, babu shakka. Sai dai 'yan ƙasa ne suka riƙe makullan.

Wannan ne ke damuna da karramawar da ake yi da doka daga sama. Mai mulki yana zaɓar ɓangaren tarihin da ke nuna baƙo da yatsa, ya rufe wanda zai sa a tambaye shi su wa ke tsare a hannunsa yau.

Akwai tsofaffi a Damagaram da Maraɗi da Tasawa waɗanda aka tafi da iyayensu saboda Sawaba. Suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. A je a zauna da su a zaure, a naɗi muryarsu, a rubuta sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda aka ɗaure, a kafa su a jikin bango a bakin wannan titi, inda ɗan makaranta zai tsaya ya karanta.