Bayajidan da mayu suka kama

Duk wanda ya zo walimar Kawu ranar Alhamis ya riga ya sani, don haka a daina turo mini hoton inuwa ta WhatsApp. Na gani, na gode. Bari in faɗi nawa kafin Injiniya ya gama ɓata labarin.

Kawu ne ya ce tunda kullum ina manne da kwamfuta, in yi masa hoton Bayajida yana kashe macijiyar rijiyar Kusugu, ya nuna wa jikokinsa da aka haifa a nan Jidda, waɗanda suka san kabsa ba su san Daura ba. Na ce an gama. Kwana 11 ina tashi daga shago in zauna kan Blender, manhajar ƙera hoto mai kama da na zahiri, har kiran assalatu. Rijiya, doki, takobi, macijiya mai kaurin turmi, duk na gina. Saura haske, kuma a nan ne kaina ya kumbura.

Da dare aka yi abin, ga shi Blender ba ta da fitilar wata. Ta rana ake ɗauka a rage mata ƙarfi a ɗan shafa mata shuɗi, duk da hasken wata na gaske ba shuɗi ba ne, na rana ne ya bugi wata ya dawo. Na kafa wannan ta gefen hagu. Na sa ta biyu mai laushi ta dama don kada rabin fuskarsa ya ɓace a duhu, na sa ta uku daga baya don ta zana masa siririn haske a gefen rawani da bakin takobi. Na zuba hazo a bakin rijiya. Har takanas na je Balad, tsohuwar unguwar Jidda, da la'asar na tsaya ina kallon yadda rana ke ratso tagogin katakon tsofaffin gidajen nan, wai ina nazari, wani mai shago yana ta harara ta don na tare masa ƙofa.

Sai inuwar Bayajida ta faɗa kan kan macijiyar ta rufe ƙayoyin da na kwana biyu ina ƙerawa. Akwai wani ɗan akwati da ake cire wa alama, abu ya daina yin inuwa. Na cire, na ce zan mayar idan na gama duba macijiyar.

To.

Na danna F12, maɓallin renda, wato fitar da cikakken hoton, na bar Cycles, injin da ke wannan aikin a Blender, tana aiki awa 9, laftof ɗin a gaban mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana huci kamar raƙumin da aka yi wa lodi. Da ya gama na leƙa a waya ido duk barci, na ce ma sha Allah.

Bayan an ci shinkafa an sha shayi, Kawu ya sa aka haɗa da talabijin ɗinsa mai inci 65. Ni kuma maimakon in yi shiru sai na miƙe tsaye. Wallahi na miƙe. Na fara bayanin cewa idan ka ninka nisan fitila sau biyu haskenta kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa, ƙaramar fitila inuwarta kaifi gare ta, babba kuma tata laushi. Ina cikin faɗin kalmar inuwa ɗin nan Gwaggo, wadda ta wuce shekarun zama bayan labule, ta ajiye carbi ta ce a matsar da kujerarta gaba.

Ta duba. Ta ƙara dubawa. Ta ce, "Ɗan nan, wannan bawan Allah ina inuwarsa?"

Na juya. Ga rijiya da tata. Ga guga da tata. Ga doki da inuwa har uku, ɗaya ta yi gabas, ɗaya ta yi yamma, ɗaya ta miƙo gaba kamar za ta shigo falon, don duk fitilun nan uku na bar su suna aiki a kansa. Shi kuwa gogan yana tsaye a ƙasa fes, kamar an yanko shi da almakashi an manna.

Na ce, "Gwaggo, wajen renda ne aka samu..."

"Wace randa? Ba rijiya ka ce ba?"

"A'a Gwaggo, renda, wato lokacin da kwamfuta..."

"Ko a randa ko a rijiya, mutum ba ya rasa inuwa sai an taɓa shi. Mayu sun kama kurwarsa. Ka ga dokin ma, shi ya kwashe."

Da da dariya ta faɗa da na ji sauƙi. Da tausayi ta faɗa. Ta juya ga Kawu tana cewa ita ta taɓa ganin irin haka a garinsu tun kafin ta zo aikin hajji, yaron bai yi sati ba. Ƙaramin jikan Kawu ya nuna allon ya tambaya da Larabci ko aljani ne, uwarsa daga bayan labule ta ce ya yi a'uziyya. Ni ina tsaye, hannuna bai ma sauko daga nunin da nake yi ba. Na ji zufa tana bin bayana alhali mukayyif yana kan 18.

Nan Injiniya ya samu ƙofa. Ya ce, "Ita kuma rijiyar, shagon shawarma ne a ciki?" Sai a lokacin na lura. Fitilar nan mai wat 1000 da Blender ke ajiye maka da zarar ka buɗe sabon aiki, ban goge ta ba, na gina rijiya a kanta. Tana ciki tana ci bal-bal, macijiyar ta fito jawur kamar an gasa ta.

Shi Injiniyan nan, don Allah wa ya ba shi sunan? Mutumin da iyakar injiniyancinsa canza batirin rimot. Riyal 300 ɗina suna hannunsa tun azumin bara waccan, kullum "bukura in sha Allah", amma ya iya zuwa walima da sabon agogo. Shi ne kuma ya cinye tsiren da aka ajiye wa masu zuwa a makare, na gan shi da idona, har yana naɗe wani a takarda. Wannan mutumin ne ya zaro waya ya ce shi minti ɗaya ya ishe shi, ya rubuta wa manhajar nan mai zana hoto wasu kalmomi, ya miƙa wa Gwaggo. Bayajidansa sanye da sulken Turawa, yatsu shida a hannun dama, dokin ƙafa biyar. Na ƙirga da ƙarfi don kowa ya ji. Ba wanda ya kula ni.

Gwaggo ta ce, "To wannan dai da inuwarsa."

Kawu ya dafa kafaɗata ya ce ba komai, Allah ya yi albarka, macijiyar ta yi kyau. Da ya zage ni da ya fi.

Na koma gida na mayar da alamar, daƙiƙa ɗaya ba ta ɗauka ba. Na goge fitilar rijiya, na hana biyu daga cikin fitilun yin inuwa, na sake dannawa. Da safe Gwaggo ta aiko yaro da ƙullin habbatus sauda da garwashin turare, wai in yi wa kwamfutar hayaki, ni ma in shaƙa. Kawu kuma ya bugo ya ce kada in wahalar da kaina, yaran sun fi son na aljanin, har sun sa shi a fuskar talabijin.

Yanzu dai aikin yana kashi 41 cikin 100. Injiniya ya turo saƙo yana tambaya ko ina da cajar da ba na amfani da ita.