Yaron farko da ɗalibi zai hura wa iska ya zama na roba

Idan ana maganar gani da ido, ɗalibin likitanci na Sakkwato ya yi wa takwaransa na Ingila nisa. Kafin ya gama zamansa a sashen yara ya ga ciwon haƙarƙari iri-iri, ya ga ƙyandar da ta sauka a ƙirji, ya ga yaron da ya sha kananzir, ya ga mai tamowa da numfashi ke neman gagara. Na nan Ingila wasu cututtukan a littafi kawai yake karanta su. Amma da an zo kan hannu sai lissafi ya juya. Ɗalibin Ingila ya riƙe jakar ambu, wato jakar robar da ake matsawa da hannu don tura wa mara lafiya iska, ya hura iska har hannunsa ya saba tun kafin a bar shi kusa da gadon yaro mai rai. Namu kuwa, a asibitoci da yawa na ƙasarmu, ranar da zai fara wannan aiki a kan ɗan wani zai fara, tsakar dare, uwa na tsaye tana salati.

Basakkwace ne ni, ina aiki a sashen yara na wani asibiti a arewacin Ingila, kuma cikin aikina akwai yi wa ɗalibai atisaye. Ga yadda abin yake. Ana shirya ɗaki kamar na gaggawa, a kwantar da jaririn roba a gado. Ƙirjinsa na ɗagawa yana sauka, yana kuka, allo na nuna bugun zuciya da yawan oksijin da ke jini. A turo ɗalibai huɗu ko biyar a ce musu: ɗan wata takwas ne, kwana uku yana tari, yau ya ƙi mama. Shi ke nan. Mai koyarwa na bayan gilashi yana sauya lambobin gwargwadon abin da suka yi. Idan sun sa oksijin a kan lokaci lamba ta hau, idan sun tsaya neman jijiya alhali hanyar iska a toshe take, sai su ga bugun zuciya na sauka a gabansu. Minti goma an gama. Zaman da ake yi bayan nan don tattauna abin da ya faru ya fi atisayen kansa tsawo.

Abin da ya sa numfashi ne kan gaba a sha'anin yara ba ɓoyayye ba ne. Babba yakan faɗi saboda zuciya ta tsaya farat ɗaya. Yaro kuwa galibi iska ce ke yanke masa tukuna, zuciyar ta biyo baya, shi ya sa a nan ake koyar da a fara hura masa iska sau 5 kafin a danna ƙirji. Maƙogwaronsa siriri ne, ɗan kumburi kaɗan ya isa ya tsuke shi. Kuma yana dagewa yana haki har ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya yi shiru. Wannan shirun shi ne ke yaudarar sabon likita, ya ɗauka sauƙi ya samu, alhali gajiya ce. Ɗalibanmu sun haddace ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya: numfashi 60 a minti ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa shekara, 40 daga shekara zuwa biyar, oksijin kuma idan ya gaza 90 cikin ɗari a sa iska. Haddar ba ta koya maka yadda za ka daidaita kan jariri ba tare da ka lanƙwasa wuyan baya ba, ko yadda za ka manna robar fuska kada iska ta zurare ta gefe, ko ka tuna ka dubi ƙirjin ka tabbatar yana ɗagawa. Wannan sai maimaici, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san abin da za a ce: jaririn roban nan da allonsa kuɗinsa ya isa sayen silindar oksijin masu yawa. Gaskiya ne, kuma ba shi nake roƙo a saya ba. Hujjar da ta fi ƙarfi a kan amfanin atisaye daga Afirka ta fito, da kaya masu araha. Shirin taimaka wa jarirai numfashi da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ƙaddamar a 2010 yana amfani da 'yar tsana mai suna NeoNatalie, wadda ruwa ake ɗura mata, mai koyarwa yana matsa wata roba da hannu don ta yi numfashi. Babu lantarki a ciki. Binciken da aka buga a 2013 daga asibitoci takwas na Tanzaniya ya nuna mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin ɗari bayan horon. A asibitin Haydom na ƙasar kuma an lura cewa kwas na yini guda bai sauya aikin ɗakin haihuwa ba sai da aka mai da shi ɗan gajeren atisaye da ake yi a kai a kai a wurin aiki. Tsarin tantance yaran gaggawa da ake kira ETAT shi ma a Blantyre ta Malawi ya samo tushe, Kenya ta faɗaɗa shi. Ba ƙasashe ne masu arziki ba.

Abin da ba na so shi ne a kwaso labaran atisayen Ingila yadda suke a dasa a Sakkwato. A nan ana rubuta labarin ne bisa zaton oksijin na fitowa daga bango, kuma da ka danna ƙararrawa cikin mintuna kaɗan ƙwararru sun cika ɗakin. Ɗalibin da za a tura Tangaza ko Isa ko Illela wani labarin yake bukata. A rubuta masa na ɗan shekara biyu da gyaɗa ta sarƙe, an riga an zura masa yatsa a baki a gida, ɗalibi ya nuna dukan baya da matsa ciki yadda ya dace da shekarunsa. A rubuta na yaron da ya sha kananzir a gorar lemo aka ɗura masa manja don ya yi amai, ɗalibi ya san aman ne ke kai man cikin huhu. A rubuta na jaririn da wanzami ya cire wa beli yana zubar da jini a maƙogwaro, da na mashaƙo, wanda ɓarkewarsa a Arewa tun ƙarshen 2022 ta tuna mana bai tafi ko'ina ba, da na asma a tsakiyar ƙurar hunturu. A tsakiyar atisaye mai koyarwa ya kashe wuta da gangan: injin tace oksijin ya tsaya, silinda ɗaya ce, yara biyu ke bukata. Wa zai je wajen mai janareta, wa zai ci gaba da hura iska, wa zai haska fitilar waya? Duk wanda ya yi aikin dare a gida ya san wannan ba ƙage ba ne.

Kuma a sa uwa a ɗakin. Wata nas ko ɗaliba ta yafa mayafi ta zama ita, ta yi magana yadda matanmu ke yi: "Likita, tun jiya bai sha mama ba, lumfashi nai sama-sama." Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na ɗaukar ɗalibai daga sassan ƙasa daban-daban, asibitin koyarwarta kuma na karɓar marasa lafiya daga Kebbi da Zamfara har da Nijar. Dole ɗalibi ya iya ciro labarin ciwo cikin minti guda daga bakin uwar da ta firgita, ya kuma iya lallashin uban da ya ƙi a sa wa ɗansa robar hanci. Tsoron oksijin gaskiya ne a wurinmu, domin mutane sun sha ganin an sa wa mara lafiya a ƙurarren lokaci ya cika, sai suka ɗora laifin a kan iskar. Amsa wannan cikin ladabi, "Baba, iskar nan ita ce za ta hutar da ƙirjinsa", ita ma ƙwarewa ce da ake koyo da maimaici.

Inda na fi jin bambancin a raina shi ne zaman bayan atisaye. A nan kafin a fara ana gaya wa ɗalibai cewa kuskuren da aka yi a ɗakin nan ba ya fita waje, ba ya shiga maki. Tambayar da ake yi ita ce: lokacin da lamba ta fara sauka, me ke ranka? Sai ka ji ɗaliba ta ce ta lura robar ba ta manne ba, amma ta ji nauyin faɗa wa wanda ke jagora. To mu da aka rene mu da kunya da girmama na gaba, wannan nauyin ya ninka a kanmu. Tarbiyya ce mai kyau, ba na so mu rabu da ita. Amma a gefen gadon yaron da leɓensa ya fara sauya launi, ƙaramar nas tana bukatar ta iya cewa "ranka ya daɗe, ƙirjin ba ya ɗagawa" da murya mai ƙarfi, babban likita kuma ya saba jin haka ba tare da ya ɗauke shi raini ba. Idan aka shigo da tsawa da kunyatarwa cikin ɗakin atisaye, an kashe amfaninsa tun daga ƙofa. Saboda haka nake ganin a haɗa ɗaliban likitanci da na jinya da ungozoma a atisaye guda, manya kuma su riƙa shiga su ma a ga hannunsu.

Mai cewa a fara samar da oksijin da wuta tukuna yana da gaskiya, yaran da ciwon haƙarƙari ya kashe a Najeriya a 2018 kaɗai UNICEF ta ƙiyasta su 162,000, fiye da kowace ƙasa a duniya. Sai dai kaya ba sa aiki da kansu. Na'urar taimakon numfashi ta kumfar ruwa, wadda Dakta Chisti ya harhaɗa da gorar shamfu a Bangaladash, ta rage mace-mace a asibitinsa da ke da ƙwararru a kusa. Da aka gwada irinta a wani asibitin gunduma a Malawi inda babu likita kullum a kan yaran, sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna waɗanda aka sa wa sun fi mutuwa. Hannun da ke kula da na'urar na cikin maganin.

Ɗaki guda ya isa, da 'yan tsana na jariri da na yaro, jakar ambu mai robar fuska girma-girma, na'urar auna oksijin ta yatsa, da malami biyu da aka horar kan jagorantar tattaunawa. Lambobin a rubuta su a kwali a riƙa ɗagawa. Rubu'in awa kowane mako a cikin sashen yara, ba taron otal na shekara-shekara ba. Kuma a sa shi cikin jarrabawa: kada a sa wa ɗalibi hannu ya gama sashen yara sai malami ya tsaya ya ga ƙirjin roban ya ɗaga a hannunsa. Daga nan tsofaffin ɗalibanmu da ke nan Ingila da Saudiyya da Amurka za mu iya ɗaukar nauyin kayan da horar da malaman, a kuma kai irin atisayen ga ma'aikatan ƙananan asibitoci na ƙananan hukumomi 23 na jihar Sakkwato, domin su ne yaron ke fara isa hannunsu kafin a nemo motar zuwa birni.