Ma'aikacin Kamfanin Abinci Ba Ɗan Kallo Ba Ne

Yana damuna yadda ake yawan cewa masu aiki a manyan kamfanonin sarrafa abinci cin banza suke yi, wai inji ne ke komai, nasu danna maɓalli kawai. Mai faɗin haka yana da uzuri, domin abin da ake gani ke nan: kwalaye suna ta wucewa a kan bel babu hannun kowa.

Sai dai inji gudu ya iya, mutum ne ke tabbatar da cewa abin da ya fito ba zai cutar da mai ci ba. Galibin kamfanonin nan suna bin tsarin HACCP, wanda kamfanin Pillsbury da hukumar NASA ta Amurka suka ɓullo da shi a shekarun 1960 don abincin 'yan sama jannati. Tsarin yana ware wuraren haɗari a layin aiki, kowanne da mai sa ido da takardar da zai cike.

Ga misalin na'urar gano ƙarfe. Lokaci zuwa lokaci ma'aikaci zai tura ɗan ƙarfen gwaji ta cikinta. In ba ta kama shi ba, dole a tsayar da layi, a killace duk kayan da suka wuce tun gwajin baya, a sake tantance su. Hatta filastar da zai ɗaure rauni da ita shuɗiya ce, mai ƙarfe a ciki, don a gano ta in ta faɗa cikin abinci. Yana wannan lura ne a tsaye, cikin ƙarar injina, sau da yawa ma a aikin dare.