Wa ke zaune a madadinmu idan ana shawarar magani?

A 1996, lokacin da sanƙarau ya addabi Arewa, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuma suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.

Duk sanda na tuna wannan, tambaya guda ke tsaya mini a rai. Da a ce akwai uwa ɗaya daga Fagge ko Gwale zaune wurin da aka yanke shawarar, ashe ba za ta ce, "Ranka ya daɗe, da wane harshe za ku yi wa iyayen bayani?" ba?

Yanzu an tanadi irin wannan kujera. Ƙa'idar binciken lafiya ta Najeriya ta 2007 ta ce kwamitin da ke amincewa da gwaji ya ƙunshi mutumin gari wanda ba masanin kimiyya ba. A Ingila ma, hukumar NICE, mai tantance magungunan da asibitocin gwamnati za su riƙa bayarwa, tana zaunar da mutanen gari cikin kwamitocinta.

Amma kujerar da ta fi kusa da mu tana mazaɓa. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kashi 20 cikin 100 na wannan asusu kuma na magani ne da rigakafi da ƙananan kayan aikin da ke ƙarewa. Kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda masu aikin sa-kai ke zama a ciki, shi ne idon jama'a kan yadda ƙaramin asibiti ke kashe rabonsa.

Na sha jin ana cewa, me tela ko malamar Islamiyya suka sani game da magani? Gaskiya ne, ba su san sinadarin ƙwaya ba, kuma bai kamata su yi wa likita katsalandan a nan ba. Sai dai telan ya san maƙwabcinsa rabin maganin da aka rubuta yake saya a kemis, don iya kuɗinsa ke nan. Malamar ta san dalilin da ya sa mai ciki ke ajiye maganin ƙarin jini bayan kwana uku, ta kuma san maganin zazzaɓin cizon sauro kan ƙare ne a tsakiyar damina. Wanda ke cikin ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Abin da nake tsoro shi ne a cika kujerun da 'yan amshin shata: ɗan'uwan kansila, yaron ɗan siyasa, mutanen da ake miƙa wa takarda su sa hannu ba su karanta ba. Irin wannan zama ya fi rashin kwamitin illa, domin za a ce ai da jama'a aka yi. Shi ya sa nake ganin dole a sa mata da yawa, tunda su ke kwana da yaro mara lafiya, a koya wa mambobi karanta littafin shige da ficen magani, a kuma biya musu kuɗin mota. Talakan da ya bar kasuwarsa yini guda don zaman kwamiti bai kamata ya biya ɗan acaɓa daga aljihunsa ba.