Buhun da Muka Tsinta a Sito: Nasiha ga 'Yan Diramar Ikkilisiya

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu, musamman ƙannena da 'ya'yana na ƙungiyar dirama.

Ranar Asabar da ta wuce muna gyaran siton majami'a, sai muka ci karo da wani tsohon buhu a bayan karyayyun bencina. Ina kwance bakinsa sai na nemi wuri na zauna. Kambin Hirudus ne a sama, na kwali, an manna masa takarda mai ƙyalli ta cikin kwalin taba (kada ku tambaye ni inda muka samo ta). Ga gemun Ibrahim na auduga, ɓera ya cinye rabi. Ga takobin katako. Can ƙasa kuma ga baƙar rigar da na yi shekara bakwai ina sawa ina fitowa a Shaiɗan. Wani yaro ya leƙo ya ce, "Baba, ai wannan shara ce, mu ƙona?" Na ce masa ya ajiye ashanarsa tukuna.

Ku da kuke yin dirama yau da makirfo da fitilu masu launi, ya kamata ku san inda abin nan ya samo tushe. Ba don nishaɗi aka fara shi ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito tun 1932, amma shekaru da yawa bayan haka, in ka shiga majami'ar ƙauye, masu iya buɗe shi su karanta ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Da yawa daga cikin iyayenmu ma Hausar kasuwa kawai suke ji. Sai malaman Makarantar Lahadi suka ga abin da kunne ya kasa riƙewa ido yana riƙe shi. Su tsayar da yara goma da fitilun gwangwani, biyar da mai, biyar babu, shi ke nan tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta haddace Matiyu 25 har ta mutu. Daga baya ɗaliban FCS, zumuntar ɗalibai Kirista wadda aka kafa a Gindiri a 1957, suka riƙa dawowa hutu da wasannin da suka koya a makaranta, Zumuntar Matasa ta ɗauka. In an fita bishara ƙauye, a buga ganga, a yi waƙa, a yi dirama a dandali, sannan mai wa'azi ya tashi.

Tamu ƙungiyar haka ta taso. Labulenmu zannuwan gado biyu ne a kan igiya, na matar fasto da na uwar wani daga cikinmu. Fitilar gas ɗaya, wani yana tsaye yana yi mata famfo. Ranar Jumma'a Mai Kyau ruwan zoɓo ne jini. Ba mu da rubutaccen wasa, da baki ake raba wa kowa nasa. Amma malamin da ke jagorantarmu, Allah ya ba shi hutawa, yana da doka ɗaya da ba ta lanƙwasuwa: ba za a ba ka matsayi ba sai ka buɗe Littafi ka karanta labarin a gaban kowa, ka rufe, ka faɗe shi da ka. In ka ƙara gishiri ya ce, "A wace aya?" Sau da yawa rabin lokacin gwaji a nan yake ƙarewa, mu kuwa muna ta gunaguni a ciki.

Akwai dattawan da suka ƙi abin tun farko, suna cewa gidan Allah ba gidan wasa ba ne. Malam bai yi musu gardama ba, nassi ya buɗe musu. Ubangiji ya sa Ezekiyel ya zana Urushalima a kan tubali ya kewaye ta da yaƙi, ya kwanta a gefen hagu kwana 390, a gefen dama kwana 40. Irmiya ya rataya karkiya a wuya ya shiga cikin jama'a. Agabas ya ɗauki ɗamarar Bulus a Kaisariya ya ɗaure kansa hannu da ƙafa. Natan kuwa ya shiga fada da labarin matalauci da 'yar tunkiyarsa guda, ya bari sai da Dawuda ya fusata ya yanke hukunci da bakinsa, sannan ya ce masa, "Kai ne mutumin." Dattawa suka yi shiru. Amma ku lura da kyau: a cikin waɗannan duka babu wanda aka tafa wa. Irmiya ma karya masa karkiyar aka yi a bainar jama'a.

Da na girma na karanta tarihi, sai na ga hanyar da muka bi wasu sun riga mu binta. Wajen shekara ta 970, wani bishop na birnin Wincesta a Ingila, Etelwold, ya rubuta yadda sufaye za su yi a safiyar Ista: ɗaya ya zauna a bakin kabari a matsayin mala'ika, uku su taho a hankali kamar matan nan masu neman gawar Yesu. Mala'ika ya tambaye su, "Wa kuke nema?" Su amsa, a ce musu ya tashi. Iyakar wasan ke nan, 'yan jimloli kaɗan a tsakiyar sujada. Da tafiya ta yi tafiya abin ya girma, ya fita daga majami'a ya koma kasuwa, ƙungiyoyin masu sana'a suka karɓe shi. Sai ya zama Hirudus mai haukan fushi da aljanu masu tsalle-tsalle su ne abin kallo. A 1548 hukuma a birnin Paris ta hana yin irin waɗannan wasanni na labaran Littafi Mai Tsarki.

Ni ba sai na je Faransa ba, a jikina na gani.

Shekarar farko da na fito a Shaiɗan, yara kuka suka yi. A ta uku na gano cewa in na murguɗa baki na yi tafiyar agwagwa, majami'a takan kece da dariya. Daga nan na fara ƙari. Wasan ɓataccen ɗa da ya kamata nauyinsa ya faɗa a kan dawowar yaron, sai muka mai da shi wasan gidan burkutu. Mashayi ya yi tangaɗi minti ashirin, boka ya watsa wuri ya yi surkulle minti goma sha biyar, ni ina zagaye su ina rawa. Tuba kuwa minti biyu, a gurguje, mutane ma sun fara neman takalmansu. A unguwa aka daina kirana da sunana, sai "Shaiɗan, ina kwana?" Ni kuma ina jin daɗi, Allah ya gafarta mini.

Wata Lahadi bayan an tashi, wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata ta kama hannuna, gawayi bai ma gama fita daga fuskata ba. Ta ce, "Ɗana, sannu da ƙoƙari. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Amma jikana da na jawo shi da ƙyar ya zo, ka san abin da ya ce mini a hanya? Wai ashe su ma 'yan coci sun san gidan giya ya fi daɗi." Ba ta ƙara ko kalma ba, ta saki hannuna ta tafi.

Daren nan ban yi barci ba. Ezekiyel 33 ne ya tsaya mini a wuya, inda Ubangiji ya ce wa annabin jama'a suna zuwa su zauna a gabansa kamar masu sauraron mawaƙi mai zaƙin murya, suna jin maganar amma ba sa aikatawa. Shi Ezekiyel ba laifinsa ba ne, gaskiya ya faɗa. Ni kuwa da hannuna na mai da kaina mawaƙin.

Ga wani abu da ya fi wannan tsoratar da ni. Kalmar da aka fassara mana da "munafuki" a bakin Yesu, a Helenanci sunan ɗan wasan kwaikwayo ce, mai rufe fuska ya hau dandali. Ku koma Matiyu 6 da wannan a zuciya: masu busa ƙaho in za su ba da sadaka, masu tsayawa addu'a a kan mararraba, masu ɓata fuska don a san suna azumi. Ya ce sun riga sun karɓi ladansu. Mu 'yan dirama mun fi kowa kusa da wannan rami, domin mun ƙware a kukan da ba na zuci ba. Na san wanda ya yi shekaru yana fitowa a Yusufu mai gudun matar Fotifar, alhali bayan gwajin dare shi ke raka 'yan mata ta hanyar da ba ta gidajensu ba.

Baiwar ba ita ce matsalar ba. Hubert Ogunde a majami'a ya fara: wasansa na farko a Legas, a 1944, wata ikkilisiyar Aladura ce ta ɗauki nauyinsa, daga baya ya zama uban wasan kwaikwayo na sana'a a Najeriya. Mike Bamiloye da abokansa kuma suka kafa ƙungiyar dirama ta Mount Zion a 1985 suka tsaya a kan bishara. Kowanne ya san abin da ya fito yi. Abin da nake jin tsoro shi ne mai tsayawa a gaban bagadi da sunan hidima, zuciyarsa kuwa tana kan yawan waɗanda za su kalla a TikTok.

Don haka ina roƙonku, 'ya'yana. Ku daina kwaikwayon mai in'ina da gurgu don a yi dariya. Suna zaune a benci na uku suna kallonku. Ku daina kwaikwayon Hausar wata ƙabila kuna mai da ita ta wawa. Maƙwabtanmu Musulmi da muke gayyata bikin Kirsimeti, kada su zo su tarar an sa wa mugun cikin wasa irin shigarsu. Wadda aka hana ta fitowa a Maryamu bana, kada ta yi yaji ta bar ƙungiya. Mai jan labule ma hidima yake yi. Dariya kuwa ban ce a kore ta ba, Yesu da kansa ya yi maganar mai tace sauro ya haɗiye raƙumi. Amma a auna ta da agogo, a ga minti nawa aka ba gidan giya, nawa aka ba uban da ya hango ɗansa tun daga nesa ya sheƙa a guje.

Na ji an ce ranar Alhamis da ƙarfe huɗu za ku fara gwajin Kirsimeti. In Ubangiji ya yarda zan zo da buhun. Wanda zai fito a Hirudus ya karanto Matiyu sura 2 tun daga gida, domin zan tambaye shi a wace aya.