Jinyar uwa ba fashin aiki ba ce

Duk wanda ya taɓa kwantar da nasa a asibiti a garin nan na Katsina ya san maras lafiya ba ya kwanciya shi kaɗai, dole a bar masa mai jinya. Likita zai zagayo da safe ya rubuta magani, kai za ka bi layin biyan kuɗi, ka koma layin karɓa, a ce maka wannan babu, ka fita waje ka nemo a kemis. Kai za ka kai jini ɗakin gwaji, kai za ka koma karɓo sakamako. In an ce sai an yi ƙarin jini, kai za ka yi ta kiran dangi a waya kana roƙo. Safar hannu, sirinji, auduga, ruwan da za a ɗaura, duk kai ne. Ga wanka, ga zubar da fo, ga juya majinyaci kada bayansa ya yi gyambo. Ban ga laifin nas-nas ba, ba su da yawa, aikin ya fi ƙarfinsu. Asibiti dai ya riga ya sa a ransa akwai ɗan'uwa a gefen gado. Wurin aiki kuma ya sa a ransa ma'aikaci ba shi da kowa a duniya sai teburinsa. To mutum ɗaya ne fa ake ja nan, ake ja can!

Hawan jini ya kayar da Innarmu a Daura, ɓarin jikinta na dama ya shanye, muka ɗauko ta zuwa Katsina. Ni ce babbar 'yarta mace, kuma ni ke aiki a wani wuri mai zaman kansa a cikin gari. Na shiga ofishin shugabanmu na gaishe shi, na ce, "Yallaɓai, mahaifiyata na kwance, ko cokali ba ta iya riƙewa. Ina roƙon a bar ni in riƙa shigowa bayan likita ya gama zagaye, in rama lokacin da yamma." Ya ce, "Allah ya ba ta lafiya, Malama. Amma ke ba ki da 'yan'uwa ne? In na yi miki, gobe kowa zai zo da tasa uwar." Ƙarshen wata aka zaftare mini albashi, aka haɗa mini da takardar tuhuma kan yawan makara. Wallahi na karanta takardar nan a bakin gadon Inna, hannuna ɗaya riƙe da kofin kununta, ina ɓoye fuska don kada ta ga hawaye, domin bakinta ne ya karkace, hankalinta yana nan daram.

Kowa zai zo da tasa uwar! To ya zo mana. Wa ke wurin da ba uwa ta haife shi ba?

Tambayar nan ta "ba ki da 'yan'uwa" ita ta fi ci mini rai, don mai yin ta yana magana ne kan gidan da babu shi yanzu. Da can gida ɗaya ne, kakanni da matan 'yan'uwa da 'yan riƙo duk suna ciki, in tsohuwa ta kwanta ba a rasa hannu. Yau yayanmu yana Legas yana neman abin da za a sayi maganin da shi, ƙanwata tana aure a Funtuwa da goyo, autanmu yana makaranta. Masu dangi a Batsari ko Jibiya ko Safana kuwa su faɗa muku yadda zirga-zirga ta zama a shekarun nan na rashin tsaro. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota daga Daura zuwa nan ma sai an yi shawara. Kuma kowa ya san a kan wa jinya take faɗawa. Namiji zai kawo kuɗi, Allah ya saka masa, amma ba shi zai yi wa mahaifiyarsa tsarki ba. 'Ya mace ce, ko matar ɗa. Ita ce za ta kwana a tabarma ƙarƙashin gado, ta yi asuba ta koma gida ta shirya yara, ta isa aiki ido jajir, a tare ta da rajistar makara.

Na nemi sanin abin da doka ta ce, sai na tarar shugaban namu bai karya komai ba, kuma wannan ya fi zafi. Dokar ƙwadago ta Nijeriya, wadda asalinta tun shekarun 1970 ne, ta ba ma'aikaci kwana 12 a shekara da albashinsa idan shi ne ba shi da lafiya, da shaidar likita. Ta ba mai ciki mako 12 na haihuwa, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata 6 tana aikin. Ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a yini. Hutun shekara mafi ƙaranci kwana 6. Jinyar uwa, uba, miji, ko ɗa mai sikila da ciwonsa ke tashi tsakar dare? Ko kwana ɗaya babu. Gwamnatin tarayya ta ƙara wa ma'aikatanta mata hutun haihuwa zuwa mako 16, a 2021 ta amince da kwana 14 ga mazan da matansu suka haihu. Madalla, an tuna da mai shigowa duniya. A shekarar ce kuma aka amince da manufar ƙasa kan tsofaffi, har cibiya aka kafa musu a Abuja. Amma tsohuwar da ke kwance hannun 'yarta take jira, kuma hannun nan an ɗaure shi a wurin aiki.

Saboda babu komai a rubuce, komai ya koma alfarma. Wadda take da uwa a gindin murhu za ta ɗauki wata guda ba mai ce mata kanzil. Wadda ba ta da kowa sai ta koyi ƙarya: ta ce ita ce zazzaɓi ya kama, ta nemo takardar asibiti ta bayan fage. An mayar da mutanen kirki maƙaryata a kan abin da Allah ya wajabta musu. A Suratul Isra'i an hana mu ce wa iyaye ko "uf" idan tsufa ya riske su a wurinmu. Shugabannin nan suna jin wannan ayar a masallaci kamar yadda muke ji.

Kuma na san abin da zai faru in rai ya yi halinsa, don na gani a kan wasu. Ofis kaf za a cika mota a zo gaisuwa, a haɗa kuɗi a ambulan, a ba ka kwanakin zaman makoki ba tare da ka roƙa ba, a ce "Allah ya sa jinya ta zama kaffara." Jinyar da aka yanke maka albashi a kanta! Ni a ba ni lokacin yanzu da take numfashi, take gane muryata.

Ba abin da ba a taɓa yi ba ne. Amurka tun 1993 ta ba ma'aikacin da ya cika sharuɗɗa mako 12 ya yi jinyar nasa, babu albashi amma kujerarsa na jiransa. Birtaniya ta fara ba da mako ɗaya a 2024. Japan tana ba da har kwana 93. Mu da muke tinƙaho da zumunci ba mu da ko yini.

Gyaran dokar ƙwadago aikin Majalisar Tarayya ne, kuma muna da sanatoci uku da 'yan majalisar wakilai daga jihar nan, su kai maganar. Amma gwamnatin jiha ba ta buƙatar jiran Abuja kafin ta fitar wa ma'aikatanta takarda mai cewa ga kwanakin jinya a shekara, ga shaidar da za a kawo daga asibiti. Masu makarantun kuɗi, kamfanoni da manyan shaguna su rubuta nasu su liƙa a bango: musayar lokacin aiki tsakanin abokan aiki, rabin yini ga mai majinyaci a kwance, hutu ba albashi in ciwo ya yi tsawo ba tare da an ba wani gurbinka ba. Wanda ya yi ƙarya a hukunta shi shi kaɗai, kada a hukunta mu duka tun kafin mu buɗe baki. Ƙungiyar ƙwadago kuma, da ta tsaya kai da fata har aka kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, ta sa wannan a cikin buƙatunta a zama na gaba, domin daga cikin wannan albashin ake zaftare mana kuɗin kwanakin jinya.